Egzame blan da yaro marar lahiya, iyayen Tawa mu yi magana

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan gurub. Akwai abin da ke cina kwana biyun nan kuma ina so mushe-mushen da ke cikinmu, wato malaman lakwal, su amsa mini, ba rigima nike nema ba. Wai shin in yaro ba shi da lahiya ranar debuwar ko egzame blan, jarabawar gwajin nan da ake yi kahin ta ƙasa, wace doka ta ce dole sai an ba shi sihiri, wato zero? Ɗiyar ƙanwata na tirwaziyam a wata lakwal piribe nan Tawa, emasi gare ta, ciwon sikila, SS, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne don takardar lokotoro na cikin dosiyenta tun tana siziyam. Satin da ya wuce anka soma musu blan, zahin watan Afrilu kuwa ba sai na gaya muku ba, sirbeya ya tsaya bakin ƙoha yac ce ba mai shiga da gorar ruwa, ba mai hita bayi sai an amshi takardu, wai haka za su iske ranar BEPC, jarabawar ƙasa ta ƙare koleji, gara su saba tun yanzu. Anka jera gorunan yara gindin bango cikin rana, har da tata mai tsumman nan da uwar ke jiƙawa ta naɗe don ruwan ya yi sanyi. Wajen sha ɗaya ta soma jin ciwo a baya da gwiwa, ta ɗaga hannu, mai tsaro yac ce ta daure saura kaɗan. Da magariba muna likita ana mata ƙarin ruwa tana kuka tana kiran sunan Allah. Da sahe uwar ta kai takardar likita, direkte ko jikin yarinya bai tambaya ba, maganarshi ta farko wai gobe za ta iya zuwa ta yi lissahi? In ba ta zo ba sihiri ne kuma zai shiga muwayan ɗinta. Blan fa, wanda su da kansu sunka tsara, su za su gyara, ba daga Yamai anka aiko shi ba.

Hajiya ta Garkawa:
Innalillahi. Allah ya ba ta lahiya, ya sa kaffara ne. Ya jikin nata yanzu?

Uwar Biyu:
Da sauƙi Hajiya, an sallame ta amma har yanzu sai an kama ta take zuwa bayi. Na gode.

Mushe na CEG:
Allah ya ƙara sauƙi. Madam abin da aka yi wa yarinyar nan ba daidai ba ne, ba zan kare shi ba. Amma tunda kin ce mu amsa bari in faɗi namu gefen, don in ana irin wannan zancen sai a mai da malami kamar marar imani. Aji guda sai ka tarar da yara sun yi yawan da ko wucewa tsakanin tebura ba ka iyawa, kai kaɗai ne mai tsaro. Kun san abin da ake yi da fita bayi? Can ake ɓoye kaye, can ake ajiye salula, wani a jikin takardar gorar ruwa yake rubuta tsarin lissafi. Takardar likita kuma, mu faɗi gaskiya, akwai ta gaske akwai wadda ake samowa da 'yan kuɗi kaɗan ko don wani kawu na aiki a can. Duk ranar debuwar ɗin lissafi sai masassara ta kama yara da yawa, ranar wasa kowa garau. In ka buɗe ƙofar ratirafaj, wato sake wa yaro jarabawar da ta wuce shi, ga ɗaya, gobe goma ne za su zo, kowanne sai ka tsara masa sabuwar tambaya ka zauna ka tsare shi ka gyara, a wane lokaci? Yawancinmu 'yan kwantiragi ne muna zagaya lakwal biyu uku kafin mu haɗa na cefane.

Uwar Biyu:
Mushe na ji ka, amma yarinyar da kuka sani da emasi shekara huɗu ita ma takardar bogi ta kawo? In ana tsoron satar amsa a ɓare takardar jikin gorar mana, a duba, a ba ta abinta. Minti nawa wannan zai ci?

Majo:
Salamu alaikum. Ni anfirmiya ce, bari in yi bayani don na lura da yawa cikin malamai ba mugunta ba ce, ba su san ciwon ba ne, suna ɗaukar shan ruwan mai emasi kamar shagwaɓa. Ƙwayoyin jinin mai SS in jiki ya rasa ruwa, ko ya gaji, ko zahi ya yi yawa ko sanyi, ko wata cuta ta shiga kamar palu, zazzaɓin cizon sauro, sai su lanƙwashe su yi tauri su toshe ƙananan jijiyoyi, inda jini bai kai ba nan ciwon ke tashi, shi ne kiriz ɗin da kuke jin ana faɗi, a ƙashi, a baya, a ciki, wani lokaci a ƙirji. Kuma ƙodarsu ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, fitsari suke yi da yawa ko sun sha ko ba su sha ba, shi ya sa suke saurin bushewa kuma shi ya sa suke yawan neman fita. To ka hana shi ruwa ka hana shi bayi awa uku awa huɗu cikin aji mai rufin kwano a watan da zahin Tawa ke wuce 40, wallahi kai ka kira masa ciwon. Sannan don Allah duk malamin da ke karantawa ya riƙe wannan: mai SS in jikinsa ya yi zafi, ko ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi na yi masa wuya, ko ka ga ya yi fari fat ya galabaita, ko bakinsa ya karkace ko hannu ɗaya ya saki, ba a cewa daure. Likita ake kai shi a lokacin, a kira iyaye a hanya. Shanyewar ɓarin jiki na samun yara ƙanana masu SS, ba sai tsofaffi ba.

Ɗan Ader:
Ni dai abin da na gani duk kuɗi ne ke magana. Ku duba allunan da lakwal piribe ke kafawa bakin titi in sakamako ya hito, kowa na rubuta kashi nawa cikin ɗari sunka ci BEPC da BAC, da shi ake jawo iyaye a watan Oktoba. Yaro mai yawan kwanciya likita a wurinsu hatsari ne ga wannan lambar. Shi ya sa tun lokacin ajiye dosiye wasu ke kiran uba gefe a ce mai gara yaronka ya shiga a kandida libir, wato ba da sunan lakwal ba, don in ya faɗi kada ya ɓata musu lissahi. Kuɗin shekara an karɓa cif, ranar jarabawa kuma ba ɗansu ba ne. Sihirin blan ɗin nan ma ina ganin hanyar sallama ce, in yarinya ba ta ci ba a ce muwayan bai kai ba ta nemi wani wuri.

Mushe na CEG:
Wannan a piribe ne. Mu a na gwamnati ba mu da allo bakin titi.

Ɗan Ader:
Ba ku da allo amma ana tambayar direktenku kashi nawa ya kawo, Mushe, kai ma ka sani.

Baban Yara:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za a so ba. Ni uba ne kuma ina da yaro mai fuka, na san tashin dare. Amma BEPC ba ta jiran kowa, rana ɗaya ce ga duk ƙasa daga Diffa har Tilaberi, ba wanda zai ɗaga ta don ɗana na tari. In lakwal ta saba wa yaro da sassauci ranar gaskiya wa zai sassauta mai? Shekara guda in ta tahi ba wasa ba ne, kuɗin makaranta, kuɗin kaye, kuɗin kur ɗin yamma, ga ɗiya mace in ta maimaita aji sau ɗaya sau biyu dangi sun soma zancen aure. Wani lokacin tura yaron da kake yi tausayi ne.

Majo:
Baban Yara na gode da ka faɗi haka don nan nake son zuwa. In ɓera da sata daddawa ma da wari, iyaye ma muna ciki dumu-dumu. Da idona na ga uba ya zo wurinmu da safe, yaro kwance da palu an sa masa allurar ruwa a hannu an naɗe da filasta, magani bai ƙare ba, ya ce a cire robar a bar masa allurar a jiki zai kai shi ya yi kompozisiyo ya dawo da shi. Na roƙe shi, ya ce Majo ba ki san direktensu ba. Ya ɗora shi a kabu-kabu, yaron ya kwantar da kai a bayan mai babur, bik a aljihun riga, hannun na reto. Kafin azahar aka dawo da shi yana amai. Me wannan yaron ya rubuta? Ko ya rubuta, makin da ya samu na iliminsa ne ko na zazzaɓi? Uban nan ba ya ƙin ɗansa, tsoron sihiri ne ya kai shi, kuma lakwal ce ta dasa masa tsoron.

Baba mai ritaya:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na riƙe lakwal shekaru kafin in huta, ku bari tsoho ya sa baki. Kuna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Jarabawar ƙasa, BEPC da BAC, ma'aikatar ilimi ke sa ranarta, direkte ba shi da iko a kai, nan Baban Yara ya yi gaskiya. Amma anterogasiyo, debuwar, kompozisiyo, blan, duk waɗannan na cikin gida ne, a hannun direkte da malamansa suke. Abin da na san muna yi, yaron da bai zo ba da hujja ba a rubuta masa sihiri, a rubuta bai zo ba, ko a sake masa wata in ya warke ko a fitar da muwayan a kan waɗanda ya yi. Sihiri na wanda ya zo ya kasa ne ko wanda ya gudu. Duk direkten da ya ce maka hannunsa a ɗaure yake a kan blan, ka ce ya nuna maka inda aka rubuta.
Kuma ko jarabawar ƙasar da ake tsoro, ai mun gani. A watan Afrilun 2015 da sanƙarau ya yi ƙarfi gwamnati ta rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki ana tsakiyar shekarar karatu. A 2020 lokacin korona aka rufe na ƙasa gaba ɗaya tun Maris, aka koma farkon Yuni, BEPC da BAC sai Agusta aka yi su. Ƙasa da kanta ta ture kalanda don rai. To yaya lakwal guda za ta ce ba ta iya ture takarda ɗaya ta yarinya ɗaya zuwa sati mai zuwa?

Hajiya ta Garkawa:
Allah ya ja da ranka Baba. Wannan ita ce maganar.

Baban Yara:
Baba na yarda da kai a kan blan. Tambayata dai tana nan a kan sabo da wahala.

Etidiya:
Baban Yara bari in amsa maka don ni da kaina SS ne, yanzu ina jami'a nan Tawa. Wannan ciwon ba a sabawa da shi ta hanyar ƙishirwa, Baba. Ba gudu ba ne da in ka yi ta yi ƙafa ke ƙarfi. Duk kiriz ɗin da ya taso yana barin ɓarna a jiki, akwai abokaina da ƙashin ƙugunsu ya lalace suna ɗingishi tun suna lise. Abin da ya kai ni inda nake ba horo ba ne, wata malama ce a koleji da ta mai da ni kusa da ƙofa inda iska ke shiga, ta ce in ina son fita in ɗaga yatsa kawai in fita ba sai na yi magana gaban aji ba, kuma in na kwanta ta sa wani ya kawo mini kayensa in kwafa a gida. Ba ta taɓa ƙara mini maki ko rabi ba, ban kuma nema ba. Mu ba sauƙin tambaya muke roƙo ba, a ba mu irin ta kowa, a dai bar mu mu rubuta ta a ranar da muke iya riƙe bik.
Sannan akwai abin da 'yan Yamai ba su sani ba. Babbar cibiyar masu emasi ta ƙasa a Yamai take, daga Tawa sama da kilomita 500 ne, in an ba ka ranar ganin lokotoro yini guda tafiya, yini guda layi da gwaje-gwaje, yini guda dawowa, in komai ya tafi daidai ke nan. In ranar ta faɗo kan debuwar sai uwa ta zauna tana auna wanne za a bari. Da yawa likitar ake bari.

Maman Auta:
Ba emasi kaɗai ba fa. Ɗan maƙwabciyata farfaɗiya gare shi, maganin da yake sha na sa shi barci da safe, ya faɗi sau ɗaya a aji duk yara suka watse har malamin ya ja baya wai kada yawu ya taɓa shi. Daga nan aka ce a riƙe shi a gida har bayan jarabawa kada ya tsorata sauran. Majo don Allah ki gaya musu.

Majo:
Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba ta yawu ba ta taɓawa ba ta cin abinci tare. In ya faɗi a janye tebura, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi, in ya lafa a juya shi gefe. In ya wuce minti 5 yana yi ko ya sake maimaitawa a kai shi likita. Kuma rashin barci na tayar da ita, don haka raba dare ana haddace lesa ba nasa ba ne. Mai fuka kuma a bar masa abin shaƙarsa a aljihu, kada a kulle a ofis, a daina sa shi sharar aji da goge allo musamman lokacin hunturu.

Uwar Biyu:
Ga 'yan mata ma da ciwon mara, wadda ke murƙususu ba ta iya gaya ma mushe namiji abin da ke damunta, sai a ce ƙarya take. Wannan ma zance ne mai zaman kanshi.

Ɗan Ader:
Kuma ku lura yaron lakwal ba shi da gata ta ko'ina. Magani kyauta da anka kawo tun 2006 na 'yan ƙasa da shekara 5 ne, maganin rigakahin palu da ake rabawa gida-gida da damina shi ma na ƙanana ne. Da yaro ya kai shiga CI komai ya koma aljihun uba. Lakwal nawa ke da ɗakin jinya a garin nan? Ko akwatin magani mai parasetamol? Ana buɗe lakwal a Oktoba palu na kan ganiyarsa, ana blan zahi na kan ganiyarsa. Ranar masu emasi ta duniya ma 19 ga Yuni ce, daidai lokacin da ake cikin hidimar jarabawa, za a yi jawabi a rediyo amma ba wanda zai leƙa aji ya ga ko an bar su da ruwa.

Mushe na CEG:
Na karanta duka. A kan ruwa da bayi ga yaron da aka sani da ciwo ba ni da ja, kuma ni na sha tsaron BEPC, ban taɓa ganin shugaban santir ya ƙwace ruwan yaron da ya nuna takardar likita ba, a raka shi bayi a dawo da shi shi ke nan, don haka zancen a saba musu ma bai taso ba. Inda nake nan daram shi ne takardun bogi. In ba a magance wannan ba mai ciwon gaske ne zai ci gaba da shan zargi.

Majo:
Mushe kowace takarda da hatimi da sunan wanda ya sa hannu, kuma muna da rajista. Sirbeya ya kira ko ya tako CSI, likitar unguwa, ya tambaya an ga yaron ranar ko ba a gan shi ba, ba sai an faɗa masa ciwon ba don wannan sirrin mai shi ne. In aka kama biyu uku sauran za su daina. Masu ciwo mai daɗewa kuma tun farkon shekara a rubuta sunayensu da lambar iyaye a ba duk malamin da ke shiga ajin, har da mai tsaron da aka aro daga wata lakwal ranar blan, don sau da yawa shi ne bai san yaron ba.

Baba mai ritaya:
Wannan aikin kwamitin lakwal ne, CGDES, da ƙungiyar iyaye da ta uwaye mata. Kuna zuwa taro ana maganar kuɗin alli da gyaran tebura ku sa hannu ku tashi. Ku nemi a karanta muku dokar cikin gida ta lakwal, in babu layin da ya yi maganar yaro marar lafiya ku ce a sa. 'Yata Uwar Biyu, ki ce wa ƙanwarki ta rubuta takardar neman ratirafaj ta haɗa da kwafin ta likita, ta riƙe ta asali a hannunta, ta sa a buga mata hatimin karɓa. In an ƙi ta kai anspeksiyo, piribe ma ƙarƙashinsu take.

Uwar Biyu:
To Baba, gobe in sha Allahu tare za mu tahi. Sai dai tana tsoron kada a sa ma yarinyar ido.

Hajiya ta Garkawa:
Kada ku je ku biyu, ku nemi wasu iyayen ajin. Ni jikana ba can yake ba amma in kuna so in raka ku zan zo.

Maman Auta:
Majo tambaya ɗaya, gudun nan na sipor da ake yi a BEPC fa? Ɗan yayata SS ne shi ma badi zai yi.

Majo:
Mai SS kada ya yi gudun jarabawa cikin ranar nan. Ku je wurin lokotoron da ke bin sa tun kafin a ajiye dosiye ya rubuta masa takardar dispans, ta ɗauke masa gudun, a sa ta cikin dosiyen, ku riƙe kwafi. Kada ku jira sai ranar da aka fito fili sannan ku fara bayani, lokacin ba mai saurarenku. Kuma ku gaya wa yaron da kansa, don wasu kunya ke sa su shiga layi su yi gudun tare da abokai ba tare da iyaye sun sani ba.